Kawuna a Gwangwanin Biskit

Hudaifa ya matso da fitilar tebur, ya ɗora gilashin masu gyaran agogo a idonsa na dama, sannan ya juya fuskar mutum-mutumin wajen haske. Abokinsa Majid na tsaye a bayansa, har numfashinsa na sauka a wuyansa.

"Ya shekh, matsa baya. Kana tare mini haske."

"To yi magana mana. Tun ɗazu kake kallon idonsa kamar aurensa za ka nema."

Hudaifa ya ci gaba da dubawa. Mutum-mutumin na wani jarumi ne mai sulke ruwan tagulla, tsayinsa bai wuce daga gwiwar hannu zuwa yatsa ba, irin waɗanda ake ƙera kaɗan a rarraba wa duniya. Majid ya saye shi ta intanet a hannun wani mutumin Riyad, yana ta murnar arhar da ya samu. Kwalin ya yi daidai, lambar da ke ƙarƙashin dandamalinsa ta yi daidai, ɗinkin alkyabbar ma babu laifi. Amma Hudaifa ba ya farawa da kwali. Masu tara irin wannan kaya a Makka da Jidda duk sun san maganarsa: jiki kowa na iya yi, fuska ake saya.

A na asali, fentin ƙwayar ido hawa-hawa ne, a ƙarshe a bi shi da wani ruwa mai sheƙi, har mutum ya ga kamar akwai danshi a ciki. Wannan kuwa ɗigo ɗaya aka yi masa, na hagun ma ya ɗan karkace. Hudaifa ya kai shi hanci ya ji warin sabon silifa. Sai ya kama kan da yatsa biyu ya gwada juya shi. Bai motsa ba.

"Ka gani? Na asali kansa a kan ɗan ƙwallo yake zaune. Ka ja ya fita, ka mayar ya koma. Wannan da gam aka liƙe shi."

"Amma wallahi ya yi kyau."

"Ya yi kyau. Jabu ne."

Majid ya yi wa mutumin Riyad addu'a marar daɗi da Larabci, ya ɗauki makullin motarsa. "Riƙe shi. Idan na sake ganinsa hawan jinina zai tashi."

Yana cikin sa takalmi wayar Hudaifa ta yi ƙara. Yayarsa ce, Suhaila, daga asibiti.

"Likita ya sallami Umma. Bayan la'asar za ka zo ka ɗauke mu. Ya ce ban da hawa matakala, ko guda ɗaya, sai ƙashin ya haɗe."

Hudaifa ya san abin da hakan ke nufi. Gidansu na gado a kan dutse yake, bayan titin Mansur, inda kakansu ya gina bayan ya zo aikin hajji daga ƙasar Kano bai koma ba. Mota ba ta kaiwa can. Daga bakin titi sai matakalar siminti mai lanƙwasa har ƙofar gida, kuma a kanta mahaifiyarsu Hajiya Ramlatu ta zame ta karye a ƙugu. A duk dangi, shi kaɗai ke zaune a bene mai asansir, na'urar da ke hawa da mutane sama, a nan unguwar Utaibiyya.

"Ɗakin baƙi a shirye yake, Yaya."

"Ba ɗakin ba ne matsalar. 'Yan tsanarka ne."

"Ba 'yan tsana ba ne."

"Ita gumaka ta ce, ni ce ma na sassauta maka. Ta ce ba za ta kwana a gidan da mala'iku ba sa shiga ba, balle yanzu da ba ta san ranarta ba. Ko dai a fitar da su, ko a sare musu kai, kamar yadda malamai suka ce. In ba haka ba, a ɗauke ta a kujera a hau da ita dutsen. Ka san kuma za ta aikata."

Da ya ajiye wayar ya dubi Majid. Majid ya ɗaga hannu biyu. "Kada ma ka fara. Ni kaina a ƙarƙashin gado nake ɓoye nawa, kuma gidan babana ne."

Bayan fitarsa Hudaifa ya tsaya gaban durowar gilashin da ta cinye bango guda na falon. Shekarunsa na aiki a teburin karɓar baƙi na wani otal a unguwar Misfala suna ciki, a jere. Akwai ɗan ɗaki a saman benen da ake ajiye tarkace, amma zafin Makka ba ya barin roba. A mako guda fenti zai kumbura, gaɓoɓi su saki, alkyabba ta manne da baya. Na'urar sanyaya falon nan ma ba don kansa yake barin ta a kunne ba in zai tafi aiki.

Ya daɗe a tsaye. Sai maganar da ya gaya wa Majid ta dawo masa: ka ja ya fita, ka mayar ya koma.

Ya ɗauko na'urar busar da gashi. Ya riƙa hura wa kowane wuya iska mai ɗumi har robar ta yi laushi, sannan ya ja a hankali, kan ya fita da 'yar ƙara kamar an buɗe kwalba. Ya naɗe kowane kai a auduga, ya jera su a wani tsohon gwangwanin biskit mai launin shuɗi. Aikin bai yi masa wuya ba. Ko ƙwarzane ɗaya bai yi ba. Da ya gama, jaruman na nan yadda suke, wani ya dunƙule hannu, wani ya ɗaga garkuwa, wani na shirin tashi sama, babu mai kai a cikinsu.

Saura na Majid a kan tebur. Ya hura masa iska har sulken ya yi zafi, gam ɗin bai saki ba. Ya duba agogo, ya shiga kicin ya ɗauko wuƙar burodi mai haƙora. Ya yi ta gurzawa, garin roba na zuba a kan tebur, har kan ya faɗi ya gangara ƙarƙashin kujera. Wuyan ya fito kaca-kaca. Ya ajiye shi a layin gaba na durowar. Ya gaya wa kansa a nan ne kawai ake da wuri.

Gwangwanin kuma ya tura shi can saman durowar kaya ta ɗakin baƙi, inda ya saba tura duk abin da ba ya so a gani. Bai tuna cewa ɗakin ya tashi daga na baƙi ba.

Hanyar dawowa daga asibiti cike take da motocin masu umra. Hajiya Ramlatu na kujerar baya, tana jan carbi, ba ta ce masa komai ba ban da amsa gaisuwa. Ta rame, fuskarta ta ƙanƙance a cikin mayafi. Suhaila ce ke ta magana a kan magunguna da ranar komawa wurin likita. Shi kuwa jimla ɗaya da zai faɗa wa Umma yake ta juyawa a ransa, yana auna kalmominta ɗaya bayan ɗaya, yadda yake auna kayan mutane. Bai sami ƙarya a cikinta ba.

A ƙofar gidan, yana tura keken guragun, ta miƙa hannu ta dafe katakon ƙofa.

"Tsaya. Gumakan fa?"

"Babu mai kai a cikinsu, Umma."

Ta ɗaga ido ta dubi bangon gilashin. Idonta ya daɗe da yin rauni. "Ba na gani daga nan. Miƙo mini ɗaya."

Ya buɗe durowar. Hannunsa ya wuce mai garkuwa, ya wuce mai baƙar alkyabba, waɗanda wuyansu ke da ɗan ƙwallo sumul yana jiran kansa. Ya ɗauko na Majid ya sa mata a cinya.

Ta lalubi ƙafafun, ta hau ƙirjin, ta kai wuya. Babban yatsanta ya tsaya a kan kaushin yankan, ya yi ta kai da komowa.

"Da wuƙa ka yi?"

"Da wuƙar burodi."

Wannan ma gaskiya ce.

Sannan ta saki katakon ƙofar, ta yi bisimilla, ya tura ta ciki.

"Suhaila ta gaya mini kuɗinsu," in ji ta. "Ta ce akwai wanda ya kai albashinka na wata. Na ce mata to ba zai yi ba, ku nemo samarin da za su ɗauke ni. Tun kana yaro ba a taɓa maka kayan wasa." Ta ja numfashi. "Ashe ban san ɗana ba. Sunkuyo."

Ya durƙusa a gaban keken. Ta ɗora masa tafin hannunta a ka, busasshe mai ɗumi, ta yi ta sa masa albarka da irin tsohuwar Hausar da ba ya ji a bakin kowa sai ita. Ta roƙa masa mata ta gari, ta roƙa masa 'ya'yan da za su bar abin da suke so saboda shi. Ba ta yi masa haka ba ranar da ya sami aiki, ba ta yi ba ranar da ya kama wannan gidan. Suhaila ta juya tana goge ido da gefen abaya.

"Wallahi ka ba ni mamaki, Hudaifa," in ji ta. "Na ɗauka rigima za mu yi."

Suka kwantar da Umma a ɗakinta. Suhaila ta shiga jera kaya, tana mitar ƙurar da ke ko'ina. Ta zazzage ledar magunguna a kan gado, ƙananan kwalaye suka watse.

"A samo abin zuba su," in ji Umma, "kada su ɓace."

Suhaila ta ɗaga kai, ta yi ɗage, ta jawo gwangwanin shuɗin. "Ga wannan. Me ka cika shi da shi haka?"

Kafin ta sa farce a murfin ya karɓe shi.

"Ƙusoshi ne. Bari in juye."

Ita ce ƙarya ta farko da ya yi a ranar, kuma ita ce mafi ƙanƙanta.

A kicin ya tura ƙofa, ya juye gwangwanin a kan faranti. Dunƙulallen auduga suka gangaro. Ta taga yana jin masu shaguna na jan ƙofofin ƙarfe, magariba ta kusa.

Shi ba malami ba ne. Bai san ko kai a gwangwani da jiki a durowa sun isa su hana mala'ika shiga gida ba. Ya san dai in ya tambayi malamai da yawa zai sami wanda zai ba shi amsar da yake so. Ba wannan ke damunsa ba. Abin da ke damunsa shi ne an kawo wa Umma kaya, kwali daidai, lamba daidai, ɗinki babu laifi, ta shafa ta yarda, ta biya da abin da ya fi komai tsada a wurinta. Da wani ne ya kawo masa wannan ciniki ya duba, ya san kalmar da zai faɗa.

Yana iya komawa ya gaya mata. To gobe da safe samarin Mansur za su ɗauke ta a kujera su hau da ita dutsen, da ƙashin da bai haɗe ba. Yana kuma iya zuba kawunan a leda ya kai su akwatinsa na wurin aiki, inda akwai sanyi dare da rana. Babu wanda zai sani. Su zauna can lafiya, har wata rana ya dawo da su ya mayar wa kowa nasa.

Ya tsaya a kan wata ranar nan. Ya tambayi kansa wace rana ce, sai ya ga ya san amsar: ranar da babu Umma. Matakalar dutsen ba za ta ragu ba, Umma kuma ba za ta ƙara ƙuruciya ba.

Ya warware audugar farko. Kan mai baƙar alkyabba ne, wanda ya fi daɗewa yana jira kafin ya same shi. Ya laluba aljihu, gilashin na nan tun safe. Ya ɗora a ido, ya juya fuskar wajen taga. Ramukan fata, inuwar gemun da aka aske, ɗan ja a gefen ido, da danshin nan da ba a iya kwaikwaya. Babu aibi ko ɗaya. Na asali ne.

Ya cire gilashin ya ajiye. Ya jawo turmin ƙarfen da yake daka hel, ƙwayar nan mai ƙamshi, a ciki idan zai dafa gahawa, ya sa kan a tsakiya. Bugun farko ya goce, kan ya yi tsalle ya dawo. Ya tare bakin turmin da hannun hagu, ya sake bugawa. A na uku robar ta tsage. Ya warware audugar ta biyu.

Ƙarar turmin ta cika gidan, tana tashi kamar ƙararrawa. Daga ɗaki muryar Umma ta zo, a raunane amma da walwala.

"Hudaifa! Gahawa za ka yi mana?"

Ya tsayar da taɓaryar.

"E, Umma."

"To ka sa hel da yawa. Ta asibiti kamar ruwan wanki."

"To, Umma."

Ya ɗora buta a wuta, ya ɗauraye gwangwanin ya kife shi ya bushe. Sannan ya koma kan turmin.