Ranar Tashin Malam Baƙo

Malam Baƙo ba sunansa ba ne. Mutanen benen ne suka laƙa masa, don tun ranar da kamfanin ruwa ya turo shi garin aikin wata shida, ba ya buɗe baki sai ya ce, "Mu fa baƙi ne a nan." Wata shidan nan ta haihu har ta yi jikoki. Tagwayen da matarsa ta zo da cikinsu sun girma, sun yi aure, sun watse, shi kuwa yana nan a hawa na biyu, ɗaki da falo, yana baƙunta.

Matar, wadda kowa ke kira Uwar Biyu, ta daɗe da daina jin zancen, kamar yadda mazaunin bakin titi ke daina jin ƙarar mota. Kwatsam sai ga shi ya yi ritaya, ginin da yake ta lallaɓawa a garinsu ya kammala har da fenti. Ranar Litinin ya shigo yana karkaɗa makullai, bakinsa har kunne, ya ce motar kwasar kaya za ta zo Asabar.

Ita kuwa ba ta son tafiyar nan ko kaɗan. A can ba ta san kowa ba sai dangin miji, su ma waɗanda ta saba da su duk sun riga mu gidan gaskiya. Amma abin da ya fito bakinta shi ne, "To, Allah ya kai mu."

"Ki mai da wa kowa abinsa, ki karɓo namu," in ji shi. "Ba na son a ce mun tafi da ko cokalin wani."

A nan gizo ke saƙar. Benen nan gida huɗu ne, amma kayan cikinsa aro ya cakuɗa su har ba a san uwar wani ba. Ta fara da Tela, mai shago a ƙasa, ta ce ta zo karɓar dutsen guga.

"Wane dutsen guga, Uwar Biyu? Naku ai ya ƙone tun kafin auren 'yan biyu. Wannan nawa ne. Wayarsa ce dai taku."

"To ba ni wayar."

"In ba ki waya in yi guga da me? Haba, ki ji tsoron Allah!" Ya cire tsinken allura daga bakinsa ya dube ta. "Wai da gaske kuke? Ni dai wutar layin nan ce ta ɗaure ni. Ran da suka fara ɗauke ta, ran nan zan naɗe tabarmata."

Ta yi dariya, don ta san ƙarya yake. An sha ɗauke wutar, kuma tabarmar tana nan a shimfiɗe.

A gidan Sista, ma'aikaciyar jinya da ke ƙofa da ƙofa da su, abin ya fi rikicewa. Injin markaɗen na Uwar Biyu ne, kofinsa na Sista, murfin kuwa babu mai shaidarsa. Suka zauna raba gado, suka ɓige da hira. Sista ta ce ita ma don kusa da asibiti ta kama gidan, ga shi ta canza asibiti sau biyu ba ta canza ɗaki ba. Da Uwar Biyu ta fito, ba ta karɓo komai ba, ta ma ƙaro da rariyar aro a hannu.

Tsani kuwa Malam Baƙo da kansa ya je ƙwato shi, ya dawo yana huci. An tuna masa cewa shi ne ya aro shi wurin mai gidan haya, wanda ya rasu tuni.

Abu ɗaya ne babu gardama a kansa: firij. Nasu ne, babba, fari, yana gurnani a kusurwar falo. Sai dai cikinsa ma ba nasu ba ne su kaɗai. Tela na da layinsa na ruwan sanyi, Sista na da nata. A jikin ƙofar kuma akwai wani kofin roba mai ɗauke da kwalaben allurar ciwon sukari na Baba Mai Agogo, tsohon da ke ɗakin ƙasa shi kaɗai, tsakanin agogunan da masu su suka manta da su. Kullum da safe sai ya hawo yana dafa bango, ya ɗauki kwalba, Sista ta yi masa allura, sannan ya zauna shan shayi yana musu da Malam Baƙo a kan labaran rediyo. Ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba.

Asabar ta zo, mota ta zo, ƙatuwa. Aka sauko da gado, katifa, akwatuna da kujeru biyu, aka loda. Ta ukun Sista ta ce tata ce, kuma ta kawo shaidu. Direba ya leƙa bayan motar ya ga kayan sun maƙale a lungu ɗaya.

"Ranka ya daɗe, da ka faɗa min ai da baro na zo."

Malam Baƙo bai yi dariya ba. Ya hau sama ya zare filogin firij. Gurnanin ya tsaya, falon ya yi tsit, har Uwar Biyu ta ji ba ta gane ɗakin ba. Ana haka sai ga Baba Mai Agogo a bakin ƙofa, yana haki, da tsumma jiƙaƙƙe a hannu.

"Na zo in ɗauki 'yan kwalabena, kada in tsai da ku."

"A ina za ka ajiye su, Baba?" in ji Uwar Biyu.

"Zan naɗe su a wannan, in sa ƙarƙashin gado. Wurin da sanyi-sanyi." Ya juya wajen Malam Baƙo. "Kai kuma Allah ya raka taki gona. Na huta da gardama."

Ya faɗa da dariya, sannan ya buɗe firij ya ɗauki kofin kwalaben. Ya juya ya fara sauka, yana dafa bango. Malam Baƙo ya bi shi da kallo, filogi a hannu. Can sai ya sunkuya ya mayar da shi cikin soket, ya daka wa direba kira ta taga.

"Firij ba ya tafiya!"

"To wa zai zauna da shi?" direban ya amsa daga ƙasa. "Ko shi zai riƙa buɗe wa kansa ƙofa?"

Uwar Biyu ta ji maganar ta taso mata tun daga ciki, kuma wannan karon ba ta haɗiye ta ba.

"Ni zan zauna da shi, Malam. Ba na son tafiya. Ban taɓa so ba."

Ya juyo ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. "Shekara da shekaru ina zancen komawa gida, kina ji, kina cewa Allah ya kai mu."

"Faɗa min kake yi. Ba ka taɓa tambayata ba."

Ya buɗe baki zai yi musu, don musu sana'arsa ce ta biyu, sai ya fasa. Ya nemi wurin zama, babu kujera, ya zauna a kan bokitin da aka kife, wanda shi ma na Tela ne. Ya zaro makullan sabon gidan yana jujjuya su a hannu. Tausayinsa ya kama ta, don ta san irin abin da ya hana kansa kafin ginin nan ya tashi. Amma ba ta janye maganarta ba.

"To," ya ce a hankali. "Yanzu ina tambaya. Me kike so?"

Ta share ido da gefen mayafi.

"A sauko da gadon daga mota."

Ya miƙe ya je taga zai ba da umarni, sai ya tarar an riga shi. Tela na riƙe da kan gadon, Sista na riƙe da ƙafa, direba na ta ɗaga hannu yana tambayar wa ya ce a sauke, har sun kai shi bakin matakala.