Ƙarfen Gayya na Tudun Gawo

Ranar da Isyaku tela ya shigo layinsu na Funtua da babur, ba a kansa ya shigo ba, turo shi ya yi. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, babur ɗin kuwa yana tafe yana ɗingishi, don ƙafar gaba ta lanƙwashe, duk juyi ɗaya sai kan ya karkace gefe. 'Yan shekaru ne bayan samun 'yancin kai, an yi kakar auduga mai albarka, manoma sun yi ta ɗinka riguna har ƙafafun Isyaku suka gaji da taka keke. Abin da ya tara ke nan ya kai wa wani malamin gona da ya bar aiki, ya karɓo wannan tsohon babur ƙirar Ingila wanda ya daɗe a jingine bayan rumbu.

Teloli 'yan'uwansa suka samu abin nishaɗi. Wani ya ce, "Malam Isyaku, kai za ka hau shi ko shi zai hau ka?" Wani ya ce a bar shi, so yake ya zama akawu, saura ya sayi agogo. Isyaku ya yi dariya tare da su, bai yi musu ba. Mutum ne mai son kwalliya, wannan gaskiya ne, amma ba don kwalliya ya sayi babur ba.

Don mahaifiyarsa ya saya, Inna Tsohuwa. Ita 'yar Tudun Gawo ce, wani ƙauyen Maguzawa can bayan Malumfashi. Ta auri mahaifin Isyaku ta musulunta ta dawo gari, amma duk kaka sai ta koma ta ga yayanta Ɗanasabe, wanda su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Tun da ta zame a bakin rijiya ƙugunta ya goce, tafiyar ta yanke. Mota iyakarta Malumfashi, daga nan sai turba ta cikin gonaki, tafiyar wuni. An taɓa gwada ɗora ta a jaki, ba a yi nisa ba aka juyo da ita tana hawaye. Shi kuma Kawu Ɗanasabe tsufa ya kama shi, ga taurin kai: ya rantse ba zai kwana a garin da ake sayen ruwa ba. Haka shekaru suka yi ta wucewa, sai dai saƙon gaisuwa ta bakin mata masu kawo daddawa kasuwa.

Wata rana Isyaku ya ji ta tana tsince wake tana magana ita kaɗai. "Ko zan sake ganin Ɗanasabe a duniyar nan?" ta ce. Maganar ta tsaya masa a rai, ta hana shi sakat. Babur zai bi turbar nan, ya kai ta kafin ƙugun ya gaji. Sai dai bai gaya mata ba, don yana tsoron ya sa mata rai abin ya ƙi. Ga kuma bazara ta shigo, da zarar ruwa ya sauka rafuka za su cika, turba ta rufe sai wata shekara.

Ya kai babur ɗin wurin Shitu bakanike, wanda ke da rumfa kusa da tasha. Shitu ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa tanki, ya leƙa nan ya leƙa can, ya ce, "Wannan ba mutuwa ya yi ba, barci yake. Amma barcin ya yi nauyi."

Aka shiga aiki. Isyaku ya riƙa rufe shago da wuri yana zuwa ya tsuguna gefen Shitu, mai miƙa sifana. Da aka kwance salansa sai ga gidan zanzaro a ciki, ɗaki-ɗaki, har da mazauna. Aka wanke kafireta da fetur, aka kankare fulogi, aka zubar da tsohon baƙin mai da ya yi kauri kamar kunun kanwa. Wayar kuloci ta tsinke, Shitu ya ɗauko wayar birkin keke ya murɗa biyu ya haɗa. Kujera kuwa Isyaku bai bari kowa ya taɓa ba. Ya sayo jar fata wurin dukawa, ya cusa mata auduga, ya ɗinka da hannunsa, ya ƙara wani faffaɗan matashi a baya. Shitu ya dubi matashin ya ce, "Amarya za a ɗauko ne?" Isyaku ya ce, "Wadda ta fi amarya."

Ranar da injin ya tashi, Shitu ya yi ta buga kik har ƙafarsa ta sage, sai babur ɗin ya yi tari, ya sake tari, ya saki wata ƙara da ta tarwatsa kajin tasha. Hayaƙi ya turnuƙe rumfar. Isyaku ya daka tsalle ya rungume Shitu, bai damu da farar rigarsa ba. Murnar da ya yi ranar, ko ranar aurensa bai yi irinta ba.

Da ƙarar ta lafa sai Shitu ya nuna ƙafar gaba. Wilin, wato zagayayyen ƙarfen da taya ke zama a kai, ba lanƙwasa kawai ya yi ba, ya tsage. Ya ce idan aka yi masa walda zai ɗauki mutum ɗaya zuwa kasuwa, amma a turba mai rami da mutum biyu, shi ba ya cikin wannan alhaki. Sai an samo wani.

Nan fa ake yin ta. Baburan da ke shigowa a lokacin ƙanana ne, wilinsu bai kai ba. Isyaku ya karaɗe Funtua, ya hau jirgi zuwa Zariya ya bi rumfunan Sabon Gari ɗaya bayan ɗaya, da igiyar awo a wuya kamar mai neman wanda zai ɗinka wa riga. Duk wilin da ya auna, ko ya yi kaɗan ko ramukan ba su dace ba. Ya aika Kano ta hannun wani direba, aka dawo masa da wilin amalanke. Kullum da yamma sai ya ga hadari na haɗowa ta gabas, gabansa ya faɗi.

Ya dawo gida wata la'asar a gajiye, ya jefar da tsagaggen wilin a tsakar gida, ya zauna yana ba matarsa Lauratu labari. Inna Tsohuwa na kan tabarma a inuwa. Ta jawo wilin da sandarta, ta dube shi, ta ɗauki muciya ta buga. Ya yi wata ƙara a dakushe.

"Wannan ai ƙanin ƙarfen gayyarmu ne," ta ce. "Sai dai namu ya fi shi murya."

Isyaku ya juyo. "Wane ƙarfe, Inna?"

Ta ce tun kafin a haife shi, wani Bature mai auna ƙasa ya faɗa rafin Tudun Gawo da babur irin wannan, ya fita da ƙyar ya bar shi nan. Da ruwa ya janye mutane suka rarraba shi. Tankin ya zama mazubin ruwan kaji, ƙafar gaba kuwa Ɗanasabe ya cire mata taya da tsinkaye ya rataye a gawo. Shi yake bugawa idan za a fita gayya, ko gobara ta tashi, ko an yi haihuwa. Ta ƙara da cewa, "Amma kada ka wahalar da kanka. Kawunka zai ba ka saniya bai ba ka wannan ƙarfe ba."

Washegari Isyaku ya hau mota zuwa Malumfashi, ya kama turba da ƙafa, takalminsa na gayu a hannu. Ya isa ya tarar da wani dogon tsoho zaune a gindin gawo yana tufka igiya, a bisa kansa kuwa ga wili na lilo. Ya durƙusa ya gaida shi, ya faɗi ko shi ɗan wane ne. Tsohon ya kama fuskarsa da hannu biyu ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Hancin Tsohuwa ne wannan. Tana nan da faɗanta?"

Bayan an sha ruwa an ci tuwo, Isyaku ya faki ido ya auna wilin. Daidai, kamar don shi aka ƙera. Ya faɗi buƙatarsa, ya ce ko me Kawu ke so zai bayar.

"Mi zan yi da abinka?" in ji Kawu Ɗanasabe. "Wannan bakin ƙauyen nan ne. Ka taɓa ganin an sayar da baki? In na ba ka, da mi zan kira mutane huɗa, da tari?"

Sai Isyaku ya faɗa masa gaskiya, abin da bai gaya wa kowa ba: don ya kawo Inna ne. Hannun tsohon ya tsaya a kan igiya. Can ya miƙe, ya kwance wilin da kansa ya miƙa masa.

"Aro ne fa, ɗan Tsohuwa," ya ce. "Ban sayar ba, ban ba ka ba. Ran da na ce a ba ni abina, a ba ni."

Isyaku ya ce ya ji ya yarda. A lokacin ko kansa aka ce aro ne zai yarda.

Shitu ya sha aiki a kan wilin nan, don shekarun duka sun bar masa tabo ko'ina. Ya daddaka, ya goge tsatsa, ya ɗaura tsinkaye ɗaya bayan ɗaya yana juyawa yana saurare, har ƙafar ta riƙa juyi sumul. Isyaku ya koyi tuƙi a filin bayan tasha, ya faɗi ya tashi, ya kori awakin mutane. Sai da hannunsa ya faɗa sannan ya je ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce, "Inna, ki ɗaura kayanki. Jibi za mu Tudun Gawo."

Ta dube shi, ta dubi matashin da ke bayan babur. Sai yanzu ta gane. Ta ce, "Ashe wannan shirmen duk nawa ne?" Ta ja bakin mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Lauratu ma ta kama kuka, Isyaku ya juya yana ƙoƙarin gyara madubin babur da babu abin da ya same shi.

Da hantsi suka tashi. Inna Tsohuwa ta zauna a karkace kan matashi, an ɗaura ta da ɗanta da zani kamar goyo, ƙullin goro da butarta a cinya. Daga Funtua zuwa Bakori salati take yi da ƙarfi. Kafin su kai Malumfashi ta fara cewa, "Wai iyakar gudunsa ke nan?" Da suka shiga turba kuwa sai ta zama ita ce direba: bi ta hagun tsamiyar can, wannan gonar gidan Buba ce, a nan muka taɓa kama bushiya. Suka gangara rafi, yashi ne busasshe, suka haye lafiya.

Ba a buƙaci buga ƙarfe ba ranar, ƙarar babur ta fito da kowa. Isyaku ya tsaya a gindin gawo, mata suka kwance zanin suka sauko da ita. Kawu Ɗanasabe ya tako a hankali ya tsaya gabanta. Suka yi ta kallon juna.

"Kin tsufa," ya ce.

"Kai ka ga kanka?" ta ce.

Sai suka riƙe hannun juna, suka zauna nan ƙasa, suna dariya hawaye na zuba, babu mai sharewa. Isyaku ya ji duk wahalar Zariya da ta turba ta sauka daga kafaɗarsa, daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa.

Ya yi shirin su kwana biyu su koma kafin ruwa. Da safen tafiya ya fito ya tarar da babur ɗinsa a kan turmi, gabansa a sama, babu ƙafa. Ya ɗaga kai, sai ga ta can a reshen gawo tana lilo, da tayarta da komai.

"Kawu, mene ne haka?"

"Abina na karɓa," in ji tsohon, ko kallonsa bai yi ba. "Huɗa ta matso. Ba mu yi da kai aro ne ba?"

"To da me zan mai da Inna?"

"Wa ya ce ka mai da ta?"

Sai a lokacin Isyaku ya lura da ɗakin da aka sauke ta. Sabon yaɓe ne, sabuwar jinka, an share wani wuri a gefe an shimfiɗa yashi mai laushi don sallarta. Tun ranar da ya tafi da wilin aka fara ginin. Ya dubi mahaifiyarsa, tana bakin ƙofa tana ɓare gyaɗa kamar ba ta taɓa barin gidan ba. Ta ce, "Ka gaida Lauratu." Dariya ta kama Isyaku har ya dafa turmi. Ya ɗauki takalminsa a hannu ya kama turba, ruwan farko ya tare shi kafin Malumfashi.

Da kaka ta yi, rafi ya janye, Isyaku ya dawo da wani guntun ƙarfen layin dogo da Shitu ya samo masa, an ɗauko shi a jaki, don a yi musaya. Aka rataye shi a gawo. Kawu Ɗanasabe ya ɗauki guduma ya buga. Ƙarfen ya saki murya garau, ta ratsa gonaki, har mutanen ƙauyen ƙetare suka fito suna tambayar ko lafiya. Wilin bai taɓa yin rabin wannan ba, kowa a wurin ya sani.

Tsohon ya saurara har ƙarar ta mutu. Ya waiwaya ya dubi ƙanwarsa, wadda ke zaune tana kaɗa zare, ta yi ƙiba, ta yi haske. Ita kuma ta sunkuyar da kai tana danne dariya.

"Bai yi ba," in ji Kawu Ɗanasabe. "Je ka nemo wani. Kada ka yi sauri."