Bindigar da Darlene Ta Ci

A garin Millers Gap na jihar Kentucky, kowa ya san Orville Tackett da bakinsa. Shekara ashirin yana wa'azi guda a shagon aski: bindigar mutum haƙƙinsa ce, kada gwamnati ta tambaye shi me zai yi da ita. Yayarsa Darlene kuwa, tun da ta bar koyarwa take yawo gida-gida da takarda, tana neman sa hannun mutane a kafa dokar bincikar mai sayen bindiga. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma ko gaisuwarsu gardama ce.

Bana 'yan kwana-kwana suka sa bindigar farauta a tikitin sa'a na bikinsu. Ita ce ta ƙarshe da tsoho Cecil maƙeri ya ƙera kafin ya rasu, kuma shi ya koya wa Orville harbi yana yaro. Orville ya ƙwallafa rai a kanta, har ya buga ƙusoshin rataya a falonsa. Darlene ta sayi tikiti ɗaya tak, don dai a daina damunta.

Ranar Asabar, ana tsakiyar cin soyayyen kifi, aka zaro takarda daga cikin hula. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, sai ga sunan Darlene. Ƙayar kifi ta kusa maƙale wa Orville.

Ya bi ta har bakin mota. "Yaya, me za ki yi da ita? Ko gaba da bayanta ba ki sani ba."

"Au, tambayata kake yi? Ba kai ka ce ba a tambaya ba?"

"Haba Yaya, ki rufa min asiri."

"To bari ka ji. Zarto zan sa mata, in kafa wa tumatirina. Ya daɗe yana neman abin jingina."

Orville ya zabura. Aikin hannun Cecil a cikin taki! Ya manta mutanen shagon aski na tsaye a bayansa da farantansu, ya ɗaga murya.

"Wannan ai ta'asa ce! Wai babu doka a ƙasar nan? Ba kowane mutum ya kamata a miƙa wa bindiga haka kawai ba!"

Har mai suya sai da ya dakata da ludayi a hannu. Magana zarar bunu ce.

Darlene ta buɗe jaka a hankali, ta fito da takardarta da biro. "Abin da nake faɗa ke nan, ƙanena. Sa hannu a nan, tumatir ya haƙura da sanda, kai kuma ƙusoshinka su sami aiki."

Orville ya dubi abokansa, ya dubi bindigar. Ya karɓi biron, ya rage murya.

"Yaya, akwai wuri a shafi na baya, can ƙasa?"

"Babu. Layin farko na ajiye maka tun bara."