Gida Mai Gareji da Lambu

Malam Ya'u mai awon riɗi ya yi wa matarsa Hannatu alkawari tun daminar bara, ranar da ta jera robobi bakwai a tsakar ɗaki tana tarar ruwan da ke ɗigowa daga rufi. Ya ce in Allah ya kai su wata daminar, a sabon gida za ta same su. Hannatu ta dai ɗauko roba ta takwas ta kara a ƙarƙashin wani sabon yoyo. Shekara ashirin da shida suna tare, ya san abin da hakan yake nufi.

Da kaka ta yi, riɗi ya yi daraja, sai ya ware wani abu ya ajiye. Shirinsa shi ne ya sayar da gidansu na Gumel, ya cika da ajiyar, ya sayi wanda ya fi shi. Abu ɗaya ne ya dame shi. A unguwarsu, in aka ji magidanci ya sa gidansa a kasuwa da safe, kafin azahar an gama yanke cewa ya karye. Saboda haka ya ja Barau dillali gefe, ya rage murya.

"Barau, gidana zan sayar. Amma ban yarda a rubuta komai a bango ba. Ban yarda a ɗauki hoto ba. Sunana kuma kada ya fito."

"To, kuɗin fa, Malam?"

"Miliyan shida. Shi ma kada ka shelanta. Wanda ya matsa, ka raɗa masa a kunne."

"Ba suna, ba hoto, ba farashi," in ji Barau. "Malam, aljani kake so in nemo maka?"

"Kai dai ka san aikinka."

Barau kuwa ya san aikinsa. Dama dillalan gidaje ba sa son faɗin farashi a fili, kuma ba sa nuna ƙofar gida sai sun tabbata mai saye da gaske yake, don kada a zagaye su a tafi wurin mai gida, la'ada ta wuce su. Barau ya kai maganar wurin Habibullah na Gagarawa Tasha, wani dillali ɗan zamani mai talla da saƙon murya a waya, ya ɗora dubu ɗari biyar a kai don kansa. Ya bayyana masa gidan tsakani da Allah: ɗaki uku da zaure, rumfar awaki, zogale uku, da tsohuwar rijiya da aka rufe da kwano. Habibullah ya saurara, ya gyara murya, ya danna waya. Shi ma ya ɗora nasa, ya tura wa Ɗantala na Maigatari, wanda ya shekara ashirin yana dillancin shanu kafin ya koma na gidaje. Ɗantala ma ya ɗora nasa.

Shi kuma Malam Ya'u bai so Barau ya san yana neman gidan saye ba, don kada ya gane yana sauri ya matsa masa ya sallama da arha. Ranar Alhamis, da ya kai riɗi kasuwar Maigatari, sai ya nemi Ɗantala a asirce.

"Alhaji, ka zo a kan gaɓa," in ji Ɗantala. Kowa Alhaji ne a bakinsa muddin ciniki bai faɗa ba. Ya kara masa waya a kunne, muryar Habibullah ta fito tangaram:

"Gida na gani na faɗa a tsakiyar birnin Gumel! Ɗakuna uku manya, iska ta ko'ina! Ga falon baƙi! Ga gareji! Ga lambu! Ga ruwa a cikin gida, ba ruwanka da 'yan garuwa! Maƙwabta mutanen kirki! Mai so ya kira, farashi sai mun haɗu!"

Malam Ya'u ya sa aka maimaita masa sau uku.

"Nawa ne?"

Ɗantala ya waiga hagu da dama, ya kama hannunsa kamar suna tsakiyar kasuwar shanu, ya raɗa masa: "Bakwai da rabi. Lafiyayyen gida ne, Alhaji. Ba ciwo, ba ɗingishi."

"Na taya bakwai."

Tayin ya kama hanya. Ɗantala ya cire nasa, Habibullah ya cire nasa, Barau ya cire nasa. Ranar Asabar Barau ya yi sallama da Malam Ya'u ya ce an taya gidansa biyar da rabi.

"Albarka," in ji Malam Ya'u. "Wane matsolo ne wannan? Ai ko bangon waje bai saya ba."

Ranar Litinin Ɗantala ya kira ya ce mai gida ya ce albarka. Malam Ya'u ya zauna ya yi tunani irin na 'yan kasuwa. Tunda gidan da yake so bakwai da rabi ne, me zai hana shi ma ya mai da nasa bakwai da rabi, ajiyarsa ta tsira? Ya gaya wa Barau. Ranar Alhamis Ɗantala ya tare shi da fuskar jaje, ya ce mai gida ya tashi, yanzu tara yake nema.

"Tara! Cikin sati guda?" Malam Ya'u ya cire hula ya mayar. "Wannan bawan Allah ba ya tsoron haɗuwarsa da Ubangiji."

"Haka masu gida suke, Alhaji. Da sun ji an taya, sai kai ya kumbura."

Malam Ya'u ya cije ya taya takwas. Bayan kwana biyu Barau ya zo da fara'a ya ce matsolon nan ya motsa, ya kai shida da rabi. Malam Ya'u ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce tunda ya motsa, ashe yana da su, a gaya masa takwas ne ba ragi.

Haka aka yi ta yi har sati biyar. Da rana ya yaba wa kansa a kan yadda yake juya mai saye, da yamma ya zauna a kan tabarma yana tsine wa kwaɗayin mai gidan da ke juya shi. Gidan gareji ya kai sha ɗaya. Hadari kuwa ya fara leƙowa daga gabas, zafi ya tsananta, Hannatu ta fito da robobinta ta wanke ta kife su a inda zai gani.

"Malam," ta ce, "gidan nan da kake ta faɗa da mai shi, ka taɓa ganinsa?"

"Ba a nunawa sai an biya kuɗin gani."

"To a biya. Ni ma zan je. Ni zan yi girki a cikinsa."

Aka biya, Ɗantala ya sa ranar Asabar bayan la'asar. Ba a jima ba Barau ya zo da labari: mai saye zai zo ganin gida ranar Asabar bayan la'asar, a share ko'ina, mutanen gida kuma su ba da wuri tunda Malam ba ya so a san shi.

"Ka ga ikon Allah," Malam Ya'u ya ce wa Hannatu. "Dama mu ma fita za mu yi."

Suka kai awaki gidan maƙwabta, suka ɓoye robobi, suka ba Barau makulli. A tasha suka sami Ɗantala da Habibullah a cikin keke mai ƙafa uku. Habibullah ya sa mai keke ya yi ta zagaye da su, ta bayan kasuwa, ta hanyar Sule Tankarkar, a dawo ta wani lungu, don kada mai saye ya riƙe hanya. Da suka shigo unguwarsu, Malam Ya'u ya nutse cikin kujera ya ja hula har gira.

"Ashe a unguwarmu azzalumin yake," ya raɗa wa Hannatu. "Na rantse maƙwabcinmu Alhaji Abdulfatah ne. Dama na ga idonsa."

Hannatu ta dubi layin, ta dubi mijinta, ta ja mayafi ta rufe baki. Kafaɗunta suka fara rawa don dariya.

Keke ya tsaya a ƙofar gidansu. Barau na tsaye da makulli a hannu. Da ya ga mai fitowa, sai ya rugo.

"Haba Malam! Na ce ka yi nisa, mai saye na tafe!"

"Wane mai saye kuma?" in ji Ɗantala. "Ai ga shi nan na kawo."

"Wannan ai mai gida ne."

"Mai gidan wa?"

Habibullah ya duba wayarsa kamar an kira shi. Dattawan da ke zaune a dakalin masallaci suka taso ɗaya bayan ɗaya, har da Alhaji Abdulfatah, suna tambaya ko lafiya. Malam Ya'u ya buɗe baki, ya tuna duk abin da ya faɗa a kan mai gidan cikin sati biyar, ya rufe.

Hannatu ce ta sauko a natse. "Mun biya kuɗin gani," ta ce. "Sai mun gani. Habibullah, kunna mana tallar."

Ba yadda ya iya, ya kunna. Ta shige gaba, maza huɗu na biye.

"Ina falon baƙi?"

Habibullah ya nuna zaure.

"Gareji fa?"

Ya nuna rumfar awaki. "Babur zai shiga, Hajiya."

"Lambu?"

Ya nuna zogale uku. Ɗaya ma akuya ta cinye rabinsa.

"Iska ta ko'ina?"

Wannan karon ba wanda ya nuna komai. Duka suka ɗaga kai suka dubi rufin, inda rana ke leƙowa ta wuri takwas.

Ɗantala ya yi gyaran murya ya ce shi dai a saninsa, tunda ga mai saye ga mai sayarwa kuma sun haɗu, ai la'ada ta hau. Barau ya ce ya yi shiru kafin a kira mai unguwa.

Hannatu ta ɗaga kwanon da ke bakin rijiya, ta leƙa, ta mayar. Sannan ta juyo wurin mijinta, ta yi magana a hankali yadda na waje ba za su ji ba.

"Malam, gidan ya yi mini. Amma na cikin wayar nake so. Shi ka yi mini alkawari, shi ka taya takwas. Ajiyar riɗin nan tana nan?"

"Tana nan."

"To a fara da iskar."

Da ya fito, Alhaji Abdulfatah ya tambaye shi taron mene ne. Malam Ya'u ya gyara hula ya ce gyara zai yi, ya kira masana su duba masa. Dattawa suka ce madalla, suka koma dakali, suka jira har ya shige kafin su fara dariya.

Kwana goma sha biyu kafinta na buga sabon kwano. Aka yashe rijiya, aka yi wa zaure siminti da farar ƙasa, aka kewaye zogale da waya, Hannatu ta ƙara yakuwa da alayyafo. Ruwan farko ya sauka ranar wata Talata da hantsi, suna zaune a ɗaki suna jin sa a bisa kwano, robobi na kife a madafa.

Washegari Barau ya yi sallama. Ya daɗe yana duban zauren, sannan ya matso ya rage murya.

"Malam, wannan karon na gaske ne. Wani ɗan Ɗanzomo ne ya ga rufin daga titi. Ya taya tara."

Malam Ya'u ya shafa gemu, idonsa ya fara ƙyalli. Bai kai ga buɗe baki ba, muryar Hannatu ta fito daga cikin gida, daga wajen lambu.

"Albarka!"