Auduga a Kunnen Yaya

Kowace shekara, ranar tunawa da waɗanda yaƙi ya ci, Yaya yakan rufe tagoginsa ya ƙure rediyo, don kada ya ji harbin girmamawa daga dandali. Tun dawowarsa daga fagen daga haka yake. Ko murfin tukunya ne ya faɗi, sai ka tsince shi ƙarƙashin tebur. Ni dai ban taɓa gane hikimar gaida wanda bindiga ta kashe da bindiga ba, amma ba wanda ya tambaye ni.

Bana aka aiko cewa shi zai ajiye furanni a gindin dutsen tunawa. Sauran tsofaffin sojojin wasu sun kwanta dama, wasu ƙafa ta ƙi.

Na ce, “Ka ce musu ba ka da lafiya.”

Ya ce, “Auta, zan je. Don Dogo zan je. Ko tsinke ba wanda ya taɓa ajiye masa.”

Dogo abokinsa ne, rana ɗaya suka shiga soja. Bai dawo ba.

Tsarin bai taɓa canzawa ba. A busa ƙaho, kowa ya yi shiru, a yi harbi, sannan furanni. Ke nan sai Yaya ya tsallake harbin a zaune kafin ya kai ga dutsen. Don haka da muka sami kujerunmu a rumfa, na cusa masa auduga a kunnuwa, na ja hularsa ta rufe.

“Kana ji na?”

“Sai ka ce kifi a rijiya,” ya ce, da ƙarfi.

Muna jere ɗaya da matan mamatan, kowace da farin mayafin da aka raba a bakin ƙofa. A jikin dutsen an rubuta cewa sun faɗi suna fuskantar abokan gaba. Yaya ya ƙura wa rubutun ido.

Aka busa ƙaho. Dandali ya yi tsit. Yaya bai ji ba, idonsa na kan dutsen.

“Auta, zawo ne fa ya kashe Dogo,” ya ce, da muryar mai kiran wani a hayin kogi. “Ba harsashi ba. Rabinmu zawo ne. Ni na wanke masa wando.”

Na taka masa ƙafa. Ya ce, “Kin taka ni.”

Tsohuwar da ke gefena ba ta ko ɗago kai ba. A hankali ta ce, “Nawa ma haka na ji.”

Sai ga jami’ar tsare-tsare, yarinya ce da ba ta wuce jikata ba. Ta durƙusa tana murmushi. “Baba, taso ka sha ruwa.”

Ya ɗauka lokacin furanni ne ya yi. Ya gyara lambobin yabon da ke ƙirjinsa ya bi ta, ni ma na bi su. Ta kai mu bayan rumfa, wurin motar asibiti, aka zaunar da shi ana gwada jininsa. Can aka yi harbi. Ko gezau bai yi ba. Dabarata ta yi aiki.

“An zo kanmu?” ya tambaya.

Na cire masa audugar. “An gama, Yaya.”

“Wa ya ajiye?”

“Wani mataimakin wani.”

Ya gyaɗa kai. Muka zauna har jama’a suka watse, sannan ya ce ko hannu ne bari ya ɗora a kan dutsen. Muka tarar ma’aikata suna kwashe furannin. Ashe na roba ne, ana mayar da su sito sai baɗi. Ɗayansu yana fama da wani babban damin furanni, ya dubi Yaya.

“Tsoho mai ran ƙarfe, ɗan kama min nan.”

Yaya ya kama. Suka ɗora a bayan mota.