Tukunyar Injiniya Abdulkahar

Abdulkahar ya dawo Birnin Gwari da digiri na biyu a fannin injiniyan sinadarai, ya raba wa kamfanoni takardar neman aiki har ya haddace ta. Wata tara babu wanda ya ko tofa masa. Aikin da ya samu guda ne: gwaggonsa ta ji an ce haɗe-haɗe ya karanta, ta aiko ya haɗa mata sabulun wanke-wanke. Ya haɗa. Ta ce na kasuwa ya fi kumfa.

Amma abin da ke cin ransa ba zaman banza ba ne, yayansa Mamuda ne. Shekara goma sha ɗaya Mamuda yana shagon Alhaji Abarshi mai sayen zinare. Masu haƙa kan fito daga daji da ɗan curi, zinare cakuɗe da zaiba, ruwan ƙarfen nan mai guba da ake kama zinare da shi, Mamuda ya ɗora shi a cokali bisa garwashi. Zaibar ta tashi hayaƙi, zinaren ya zauna. Hayaƙin kuwa ba ko'ina yake zuwa ba sai ƙirjin Mamuda. Yanzu hannunsa rawa yake, ko shayi sai ya tallabe da hannu biyu. Mutane suka ce iska ce. Abdulkahar ya san iskar, har jarrabawa ya rubuta a kanta.

Sai ya tafi wajen mai walda, aka ƙera masa 'yar tukunyar ƙarfe mai murfi, da bututu da ya lanƙwasa ya faɗa kwanon ruwa. A rufe za a ƙona curin, zaibar ta bi bututu ta sauka a ruwa, babu mai shaƙa.

Alhaji Abarshi ya juya tukunyar, ya leƙa cikinta. "Duk bokon nan, Injiniya, tukunya ya haifa? To, gani ya kori ji. Ranar kasuwa mu gwada. In ta yi, na ɗauke ka aiki."

Ranar, Abdulkahar ya sa farar rigarsa ta ɗakin gwaji, har da tabarau. Wanda tsautsayi ya faɗa wa shi ne Labaran, mutumin Kakangi, da ya yi sati uku a rami, ya kuma ratso daji da curi biyu a ƙulle cikin bakin wando. Akwai abin da ba a koyarwa a jami'ar Zariya, wanda ko akuyar ƙofar shagon ta sani: mai zinare ba ya ɗauke ido daga zinarensa, tun daga rami har sikeli. Ko fitsari ya matsa shi, sai dai ya matse.

Abdulkahar ya jefa curi ɗaya a tukunya, ya murɗa murfi.

"Kai, malam! Ina ka kai mini shi?"

"Yana ciki, Malam Labaran. Zafi zai kai wani mataki, sai zaibar ta..."

"Ni ban ga ciki ba. Yaya, ku kuna ganin ciki?"

Masu haƙa biyar da ke kan benci suka ce ba sa gani. Abdulkahar ya yi ta bayani da Turanci rabi da Hausa rabi, gumi yana bin farar rigar.

Tukunyar dai ta yi aikinta, wannan ba a yi mata ƙarya. Zaiba ta ɗigo cikin ruwa tana sheƙi. Aka buɗe, aka ɗora zinaren a sikeli, sai ya gaza abin da Labaran ya saba gani. Dalili a fili yake: cokali kan bar sauran zaiba a jikin zinare ta ƙara masa nauyi, tukunya kuwa ta share ta tas.

"In ba ƙira, me ya ci gawayi?" in ji Labaran. "Da shi aka shiga, babu shi aka fito. Ga bututu, ga ɗan boko. Alhaji, in da wannan abar za a riƙa ƙonawa, shago ba naka kaɗai ba ne a garin nan."

Na kan benci suka fara kakkaɓe wanduna.

Alhaji ba ya wasa da masu kawo kaya. Da ƙafa ya tura tukunyar ƙarƙashin tebur, ya rantse musu cokali ne har gobe. Da suka zauna, ya ja Abdulkahar gefe.

"Tukunyarka ba ta karɓu ba, amma kai ka karɓu. Na lura da hannunka, ko gezau. Shi Mamuda sau biyu yana zubar mini da kayan mutane a toka. Ɗayanku ne zai riƙe cokalin nan. Ka karɓa, ya tafi gona ya huta. Ka ƙi, ya ci gaba har ya faɗi."

Abdulkahar ya dubi yayansa. Ya cire farar rigar, ya rataye ta a ƙusa.

Mamuda ya matsa masa a kan buhu, fuskarsa fal murna, ƙaninsa ya samu aiki.

"Zauna nan, Injiniya. In hayaƙin ya taso ka ɗan kau da kai. Satin farko ne yake sa ciwon kai, daga baya ko ji ba za ka yi ba."

"To, Yaya," in ji Abdulkahar. Ya miƙa hannu, Labaran ya ba shi curi na biyu.