Abincin da Aka Riga Aka Biya

Mijina Dwight mutumin kirki ne, amma kada Allah ya sa ka aike shi gaban kwamfuta. Ba ya karanta komai. Abin da ya fi girma a allo, shi yake dannawa.

A watan Mayu na ce ya saya mana tikitin Maple Cove, filin shaƙatawan nan mai lilo da rumfunan abinci, na ranar Asabar, mu uku: ni, shi, da babana Orval. Na ce ya haɗa da abincin yini guda da ake biya tun daga gida, don kada mu je can Baba ya ga farashin soyayyen dankali ya ce ya ƙoshi. Ba wasa zai kai mu ba, a cikinmu babu mai hawa lilo. So nake kawai in fitar da tsohon nan daga gida ya sha iska.

Tun da Mama ta rasu a watan Janairu Baba ya daina cin abinci. Ba ciwo yake ba. In kai masa farfesun kaza, in dawo bayan kwana biyu in tarar da kwanon a firji yadda na ajiye shi. Wando ya fara zame masa, sai ya ɗauki ƙusa ya ƙara huda bel ɗinsa. Likitarsa, Dakta Marek, ta faɗa a gabansa ba ɓoye-ɓoye: in aka shiga Oktoba bai mayar da jikinsa ba, ya gama zama shi kaɗai, sai gidan tsofaffi. Baba ya ce gawarsa za a fitar daga gidan da ya yi wa rufi da hannunsa. Ni kuwa ɗakina ciki ɗaya ne a hawa na uku, ba lif, gwiwarsa ba za ta iya ba. Tsoro nake ji, ba kaɗan ba.

Ranar Asabar muna isa ƙofar shiga, yarinyar da ke duba tikiti ta bar mu muka wuce ni da Dwight, ta tsayar da Baba.

"Kaka, ɗan cire hularka in ɗauki hotonka."

"Hotona? Me na sata?"

Ta yi dariya. "Ai kai babban baƙo ne. Katin shekara gare ka, har da abinci."

Na juya na dubi Dwight. Shi kuma ya ɗaga kai yana kallon sama, sai ka ce wani abu aka rubuta a can. Ashe da ya zo kan tikitin Baba, wani ƙaton tallan rangwamen tsofaffi ne ya fito, gogan naka ya danna. Dala ɗari biyu da ɗoriya! Kuɗin tayoyin motata ke nan. Na ce, "Dwight, kai kam wane irin mutum ne? Ido gare ka ko ado?" Ya ce shi ya ga an rubuta rangwame.

To, sai an san Baba. Mutum ne da yake wanke ledar burodi ya shanya. Ganyen shayi ɗaya sai ya yi masa kofi uku. Mama ta sha cewa da iska ta kuɗi ce da tuni ya koyi riƙe numfashi. Da ya ji kuɗin, sai ya dafa kantar yarinyar.

"A mayar musu da abinsu."

"Ba a mayarwa, Kaka."

"To a ba wani."

"Da hotonka za a ba wani?"

Can ya ce, "Sau nawa zan iya ci?"

"Sau biyu a rana, kullum, har mu rufe a ƙarshen Oktoba. Sai dai ka ba da awa huɗu tsakanin na farko da na biyu."

"Ranar da ban zo ba fa?"

"Ta wuce ke nan."

"Wato sun ci kuɗin 'yata a banza." Ya cire hula ya gyara tsayuwa. "Ɓarayin banza. Ɗauki hoton. Za su gane kurensu."

A hoton nan ya haɗe rai kamar wanda aka kai ofishin 'yan sanda. Ran nan ya ci rabin cinyar kaza da 'yar masara, na ce ko banza an samu wannan.

Ranar Litinin da na gama kai 'yan makaranta, don motarsu nake tuƙawa, na buga masa waya a gida, shiru. Na sake bugawa, shiru. Na je gidan, ƙofa a kulle, na leƙa ta taga, sandarsa ba ta nan. Maƙwabciyarsa ce ta leƙo ta ce ta gan shi tun safe ya hau bas ɗin gari, wadda tsofaffi ba sa biya. Nan take na gane Maple Cove ya nufa. Sai da na sayi tikiti da kuɗina, wallahi, kafin na shiga na same shi. Yana zaune a benci riƙe da cinyar talo-talo da ta fi damtsensa kauri, yana yagarta da fushi.

"Baba! Ka san irin neman da na yi maka?"

"Ba ɓata na yi ba. Aiki nake."

"Da daɗi?"

"Shekara talatin na yi a kamfanin taya, Lavonne. Na san taya in na tauna ta." Ya sake kai cizo.

Daga nan shi ke nan. Kullum. Ranar da ake ruwa ya sa rigar leda ya tafi. Ranar Lahadi daga coci bai ko biya gida ya cire kwat ba. Na yi faɗan har na gaji, na ce mutum mai shekara saba'in da takwas yana yawo cikin rana saboda dankali. Ya ce ba saboda dankali ba ne, saboda mutunci ne.

Awa huɗun nan ce ta ɗaure shi. In ya ci na rana ba zai koma gida ya dawo ba, bas ɗin ba ta da yawa, dole ya zauna ya jira na yamma. Mutum kuwa ba ya zama awa huɗu a wuri ɗaya kullum ba a san shi ba. Ashe ba shi kaɗai ba ne mai irin wannan katin. A bayan rumfar masu fiza, wannan faffaɗan burodin mai cuku, akwai wani tebur a gindin bishiya, nan tsofaffin garinmu masu katin shekara suke taruwa. Shugabarsu Eunice ce, tsohuwar mai dafa abinci a makarantar firamare, 'yar guntuwa mai murya kamar ta lasifika. Sai Merle, ƙaton mutum, tsohon direban tirela, wanda bakinsa ba ya hutawa.

Wata rana a watan Yuli na biya in gan shi, na tarar Eunice tana yi masa karatu.

"Kai Orval, sau nawa zan gaya maka? Ba a zuwa rumfar kaza kafin sha biyu. Yaron safe hannunsa a matse yake. Ka jira mai jan gashin nan, ita take cika faranti."

"Ni ba roƙo na zo yi ba, Eunice. Haƙƙina nake karɓa."

"Haƙƙin naka ne dai ake rage maka, sarkin taurin kai."

Merle ya nuna jirgin nan mai hawa sama ya sulalo da mutane suna ihu. "Ku dubi mai rigar rawayan can da ya shiga layi. Yanzun nan ya gama da fiza biyu. Na rantse ba zai sauko da su ba."

Baba ya ce, "Zai riƙe. Dubi wuyansa, irin masu haɗiyewa ne."

Suka zuba ido su uku har jirgin ya tsaya. Mai rigar rawaya ya sauko yana tangaɗi, ya nufi kwandon shara da gudu. Merle ya buga tebur. Baba kuwa ya yi dariya har da tari, sai da Eunice ta bubbuga masa baya. Rabona da jin dariyarsa tun kafin Mama ta kwanta. Na ce musu zan je sayen ruwa, na je bayan rumfa na tsaya na share idona.

Dwight fa sai ya samu abin yi. Duk inda muka zauna sai ya ce ai shi ya san abin da yake yi, dabara ce. Na ce, "Dabara a gidan wa? Makaho ne ya yi jifa ya dace." Amma ran nan na soya masa ƙwai uku maimakon biyu, bai tambayi dalili ba.

A farkon Oktoba muka koma wurin Dakta Marek. Baba ya hau ma'auni da takalmansa, ta ce ya cire, ya ce ai nasa ne. Ta duba ta sake dubawa. Ya mayar da kusan duk abin da ya zubar. Ta tambaye shi me yake ci, ya lissafa mata, ta riƙe kai ta ce wannan gishiri da man ko saurayi sai ya ji a jikinsa. Amma ta ce zai iya zama a gidansa. Ina shirin godiya sai ta ƙara da cewa, "Wurin nan kuma an kusa rufe shi, ko? Mu ga yadda hunturu zai yi. Ku dawo a Janairu."

Abin da ke raina ke nan ta faɗa. Wata shida ƙofar nan za ta yi a kulle, ƙanƙara ta rufe gari, shi kuma ya koma ɗakin girkin nan shi kaɗai.

Ranar rufewa, Lahadin ƙarshe ta Oktoba, na bi shi. Sanyi ya fara cizo, an jera kabewa ko'ina don ado, rabin rumfunan ma sun kwashe. Eunice da Merle sun tafi yin sallama da masu dafa abinci, aka bar mu mu biyu a teburin, yana jiran awarsa ta cika.

Na ce, "To Baba, ka fanshe kuɗin?"

"Tun a watan Yuni. Abin da ya biyo baya duk hukunci ne."

"Amma ka ce abincin ba daɗi."

"Ba daɗi. Naki ya fi shi sau goma."

Raina ya ɗan sosu. "To me ya sa nawa yake ruɓewa a firji?"

Ya daɗe yana murza murfin kofinsa. "A gida in na zauna, kujerarta ce a gabana. In ɗauki cokali, in jira ta ce in cire hula. Ba ta cewa. Sai in ajiye cokalin." Ya nuna wurin da haɓa. "Nan kuwa kujeru sun yi yawa, ban san wacce zan kalla ba."

Na kama hannunsa, ya bar min shi, abin da ba ya yi a gaban mutane.

"Gobe fa?" na ce. "Da jibi?"

"Mun gama magana. Merle yana da mota, Eunice ta iya girki, ni ina da tebur mai cin mutum shida. Litinin da Laraba da Juma'a. Kowa ya kawo nasa cefanen, ba na son cuta."

"Sauran ranakun?"

"Abin da ya rage mana. Kin taɓa ganin na zubar da abinci?"

"Kujerar Mama fa?"

"Merle zai zauna a kai." Ya yi ɗan murmushi. "Da uwarki ta gan shi da ta kore shi da tsintsiya, wannan surutun nasa. In yana wurin ba na jin shirun."

Da lokaci ya yi ya karɓo na yamma, kaza da dankali. Mai jan gashin ta ƙara masa fanke mai sukari kyauta, ta rungume shi, ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi. Ya cinye tas, ya naɗe fanken a takarda ya sa a aljihu.

Muna hanyar fita sai ya saki hannuna ya karkata wajen tagar da ake sayar da katin baɗi. Na zaci ƙorafi zai kai. Sai na ga ya zaro tsohon walat ɗinsa da ya ɗaure da roba. Baba, wanda tun ina yarinya ban taɓa ganin ya biya kuɗin abin da bai riƙe a hannu ba.

"Na shekara mai zuwa," ya ce wa yarinyar da ke tagar. "Har da abincin."

Na ce, "Baba, sai watan Mayu fa za su buɗe. Ka bari lokacin ya zo mana."

"A'a. Yanzu zan biya."

"Mayu da nisa, Baba."

Ya juyo ya dube ni sosai. Ya san abin da nake nufi, na san ya sani.

"Shi ya sa," ya ce. "Kin san halina. In na biya, sai na zo."

Nan a gaban layi, mutane suna kallo, na fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya. Ya ce in daina ba shi kunya, in riƙe masa sandarsa zai sa hannu.